Yadda ake tsara mutum-mutumin faɗa a Yamai, da wuraren da yake karyewa

Mutum-mutumin faɗa ƙaramar na'ura ce mai taya da ake tuƙawa da rimot, a sa ta a fage da wata irinta su kara, galibi na minti 3. Wanda ya daina motsi har aka ƙirga masa 10 ya sha kaye. In duka biyun suka kai ƙarshe, alƙalai su duba wanda ya fi yin ɓarna, ya fi kai hari, ya fi riƙe fage. An yi babbar gasa ta farko ta irin wannan a San Faransisko, a Amurka, a 1994, kuma tun daga nan dokar da ta fi kowace tsauri ita ce ta nauyi. Sikeli ba ya lamuni. Duk gram ɗin da ka ƙara wa makami, daga taya ko sulke ko batir ka ciro shi, kuma wurin da ka ciro ɗin nan ne abokin karo zai nema. Da yawa daga cikin waɗanda ke mutuwa a fage ma ba duka ne ya ragargaza su ba: waya ce ta tsinke, noti ya kwance, taya ta zare. Don haka tsari ya fara daga abin da ke karyewa.

Mataki na 1: zaɓi aji, ka raba nauyi a takarda

Akwai ajin gram 150, da na gram 454, da na kilo 1.36 (a Ingila kilo 1.5), da na kilo 5.4, da na kilo 13.6, har zuwa manyan da ke gasar BattleBots ta Amurka masu kilo 113. Ga mai farawa a Yamai, kilo 1.36 ya fi dacewa. Ya isa girman da za ka yi aikinsa da zarto da magagari da injin huda, kuma kayan da sai an yi odarsu daga waje ƙanana ne, suna shiga aljihun jakar matafiyi.

Ƙungiyar RioBotz ta Barazil ta yaɗa wani rabo mai amfani: kashi 30 ga tuƙi, 30 ga makami, 25 ga jiki da sulke, 15 ga batir da kayan lantarki. A kilo 1.36 ya zama gram 408, 408, 340 da 204. Ba dole ka bi shi sak ba, amma ka rubuta naka kafin ka yanka komai, ka auna kowane abu da ƙaramin sikeli mai nuna gram. Ka ware gram 80 zuwa 100 don noti da waya da gam, domin su ne ake mantawa, ranar awo kuma a ga mutum yana huda sulkensa don ya rage nauyi.

Mataki na 2: tuƙi kafin komai

Wanda makaminsa ya mutu yana iya ci gaba da turi har ya ci da maki. Wanda tayarsa ta mutu ya gama. Shi ya sa nan ne wurin da bai kamata a yi rowa ba.

Fara da gudu. Taya mai faɗin santimita 5 tana cin kimanin santimita 15.7 a juyi ɗaya. In inji na ba da juyi 900 a minti, gudun ya kusa mita 2.4 a daƙiƙa. A fage mai faɗin mita 2.4 wannan ya wadatar. Fiye da haka bango za ka riƙa duka, ƙasa da mita 1.5 kuma za a riƙa zagaye ka ana cin bayanka.

Sai ƙarfin turi, kuma nan ne mutane ke ruɗuwa. Ƙarfin turi ba daga girman inji yake zuwa ba, daga nauyin da ke kan taya ne da yadda tayar ke kama ƙasa. Aikin inji shi ne ya iya murza tayar har ta yi santsi a wuri ɗaya maimakon ya cije. Injin da ya cije yana jan wuta da yawa, cikin ƴan daƙiƙu ya ƙone, ko ya ƙona na'urar sarrafa gudu, wato ESC. Lissafinsa: in taya biyu ne, kowace na ɗauke da abin da bai wuce gram 680 ba, daga tsakiyarta zuwa baki santimita 2.5, ke nan ana bukatar ƙarfin murɗa na kilo-santimita 1.7. Nemi injin da ƙarfinsa na cijewa ya ninka haka, wajen 3.5 zuwa sama.

Ƙananan injuna masu akwatin giya na milimita 22 ko 25 su ake yawan sawa, kowane tsakanin gram 60 da 100. Masu giya a jere sun fi araha, amma duka ɗaya a taya kan share musu haƙora. Masu giya uku ko huɗu da ke zagaye ta tsakiya suna raba nauyin dukan, sun fi jurewa. Raunin duka biyun shi ne sandar da ke fitowa, mai kaurin milimita 4. In taya na nesa da bakin akwatin giya, sandar ta lanƙwashe. Matso da tayar kusa sosai, ka bar ratar milimita 1 kacal, in da hali ka sa rulma, wato boris, a ɗaya gefen don sandar ta samu madogara biyu. Ƙaramin sukurun da ke riƙe taya ya zauna a kan lafaffen gefen sandar, da ɗigon gam ɗin noti mai shuɗi. Ba tare da shi ba, girgiza na kwance shi kafin minti 3.

Taya biyu ko huɗu? Biyu sun fi sauƙi, sun fi saurin juyawa, amma wani kaso na nauyi yana tafiya kan gaban da ke jan ƙasa, kuma in aka ɗan ɗaga ka taya ta bar ƙasa, shi ke nan. Shirya kayan ciki yadda kimanin kashi biyu cikin uku na nauyi zai zauna kan taya. In ka wuce haka gaba zai riƙa tashi duk lokacin da ka taka wuta, ka buɗe wa abokin karo ƙofa. Taya huɗu suna sa dukan nauyi ya yi turi, ko ɗaya ta tafi sauran su kai ka ƙarshe, sai dai kuɗinsu injuna biyu ne ƙari ko bel da fuli, wajen gram 150 da za ka rasa a wani wuri.

Taya mai laushi ta soso ta fi mai tauri, don tana shanye duka kafin ya kai ga giya. Ana yanka ta daga soson silifa mai kauri, a shafa mata siririn gam na roba ko a naɗa mata robar tub. A nan garin ƙura ce babbar matsala, musamman da hunturu: taya mai kama ƙasa da safe, da rana ta zama kamar an shafa mata gari. Goge taya da ɗanyen tsumma kafin kowace karawa, a share fage kuma.

Taya a waje ko a ciki, wannan ma ciniki ne. A waje, kusan kowane zama ka yi wata na taɓa ƙasa, amma ita ce abu na farko da mai makamin da ke juyi a kwance zai ci. A ciki tana da kariya, amma in sulken ya lotsa ya danne ta, ta tsaya cik. Bar ratar milimita 5 zuwa 8 tsakaninsu. Sannan taya ta fi jikin tsayi, ta leƙo sama da ƙasa, yadda ko an kifar da kai za ka ci gaba da tafiya. Wanda ba ya iya tafiya a kife, ba ya iya tayar da kansa, cilli ɗaya ya ishe shi.

Ga masu son abin da duk kayansa ke samuwa a gari: injin huda mai batir da ya tsufa yana ba da inji da akwatin giya mai ƙarfi. Ya yi wa kilo 1.36 nauyi, amma biyunsu na tuƙa na kilo 5.4 da kyau, muddin an kulle kulocin da ke sa shi zamewa in sukuru ya cije.

Mataki na 3: makami, da abin da kowane ke ci maka

Mai shebur ba shi da abin da ke juyawa. Gabansa farantin ƙarfe ne a karkace, kusurwar digiri 30 zuwa 35, yana shiga ƙarƙashi ya kwashi abokin karo ya kai shi bango. Kamar a kokowa, wanda ya riga shiga ƙasa shi ke da kaye. Nauyin makami duka ya koma sulke da tuƙi. Rauninsa, ba ya ɓarna, sai ya dogara da gwanintar matuƙi, kuma wasu gasanni ba sa karɓar wanda ba shi da makami mai motsi. Ƙara masa hannun ɗagawa mai injin servo, wato ƙaramin injin da ke juyawa ya tsaya inda aka ce masa, ya warware wannan, amma a haɗa hannun ta wata roba mai lanƙwasa, don duka kai tsaye yana fasa giyar servo. Mu dai wannan muke ba mai farawa shawara, ba don tsoro ba, don shi ne ke barin mutum ya koyi tuƙi da na'urar da ke kai ƙarshen karawa.

Mai juyi a kwance yana da sanda ko faifai da ke share gabansa. Ya fi kowa duka da nisan hannu, yana cire taya. Amma duk ƙarfin da ya aika gefe, irinsa ne ke dawo masa, shi ma ya tashi ya bugi bango. Sau da yawa shi ke karya kansa. Shebur mai faɗi, mai santsi, yana kautar da dukan sama, don haka mai shebur ne maganinsa.

Mai juyi a tsaye, faifai ko ganga, yana duka daga ƙasa zuwa sama. Abokin karo ya tashi, shi kuma dukan ya danna shi ƙasa, ƙasa ta tallafe shi. Matsalarsa biyu. Sai ya shiga ƙarƙashi kafin haƙori ya samu abin kamawa, shi ya sa ake sa masa siraran yatsun ƙarfe masu jan ƙasa, su kuwa yatsun, mai juyi a kwance na fizge su. Na biyu, abu mai nauyi da ke juyi da sauri ba ya son a sauya masa fuska. In ka juya da gaggawa taya ɗaya ta ɗaga, wani lokaci ya kife. Faɗaɗa tsakanin taya, ko rage gudun makami in za ka juya.

Mai cilli da mai guduma suna da kyan kallo, amma a wannan aji suna cin nauyi da yawa a kan ɗan abin da suke yi. A bar su sai hannu ya faɗa.

Yanzu lissafin mai juyi. Sandar baƙin ƙarfe mai tsawon santimita 16, faɗi 3, kauri milimita 8 tana da gram 300. A juyi 8,000 a minti tana ɗauke da kimanin jul 225, daidai da nauyin kilo 23 da ya faɗo daga tsayin mita 1, bakinta kuma na gudun kusan kilomita 240 a awa. Ninka gudun, ƙarfin ya ninka sau huɗu. Wannan ne ke yaudarar mutane su yi ta ƙara gudu, su manta da cizo. Cizo shi ne yawan jikin abokin karo da ke shiga da'irar makami kafin haƙori na gaba ya iso. In kana matsowa da mita 2 a daƙiƙa, sanda mai baki biyu a juyi 8,000 tana samun milimita 7.5. A juyi 16,000 ya koma ƙasa da milimita 4, makami ya riƙa karta yana tartsatsi ba ya kama komai. Mai haƙori ɗaya, da aka daidaita shi da nauyi a ɗaya gefen, yana samun milimita 15 a juyi 8,000. Ga kuma lokacin tashi: makamin da ke ɗaukar fiye da daƙiƙa 2 ko 3 kafin ya kai gudunsa, mai shebur zai ruga ya danne shi tun bai tashi ba.

Injin da ba shi da burushi mai lamba 1800 KV, wato juyi 1,800 a minti ga kowane bolt, a batir na bolt 11.1 yana kusan juyi 20,000 ba kaya. Da bel da fuli masu rage shi sau 2.5 ka samu 8,000. Bel ɗin na da wani amfani: yana zamewa lokacin duka, ya kare injin. Amma in a buɗe yake, yanka ɗaya ya kashe makamin. Ɗora makami kai tsaye kan inji yana rage nauyi, sai dai dukan na tafiya kan ƴan ƙananan rulma da mayen ƙarfen da ke ciki, su ɓamɓare. Ko wanne ka zaɓa, cike ratar da ke tsakanin mayen ƙarfen da gam mai haɗi biyu irin Araldite, ka kiyaye kada ya taɓa ɓangaren waya. Lura kuma da kasafinka: sanda ta ci 300 cikin 408, saura 108 ga inji da sandar tsakiya da rulma da fuli. Da wuya ya isa, sai ka taɓa sulke.

Kada a yi makami da alminiyam ɗin zubi irin na tukwanen kasuwar Katako. Yana da ƴan ramuka a ciki, ya tarwatse. Ƙarfen sifirin mota yana da kyau, amma in maƙeri ya tsoma shi a ruwa ya bar shi haka, ya yi tauri ya rasa juriya, ya tsage ta ramin tsakiya. Sai an sake ɗumama shi taurin ya sassauta. Baƙin ƙarfe na gama-gari yana dakushewa, amma lanƙwashewa yake ba ya fashewa, don haka ya fi aminci a makamin farko. Bayan yanka, rataya sandar a kan aksil ɗinta. Gefen da ya sauka ya fi nauyi, ka ci shi da magagari har ta tsaya a duk inda ka bar ta.

Mataki na 4: jiki da sulke

Faranti mai santimita 10 a 10: baƙin ƙarfe mai kaurin milimita 2 gram 157 ne, alminiyam mai milimita 3 gram 81, robar HDPE mai milimita 10 gram 95. Ƙarfe na kautar da haƙori amma yana miƙa girgizar duka ga kayan ciki. Roba na tsagewa a fuska, tana shanye dukan. Haɗin da ke aiki: bangaye da robar HDPE, shebur kaɗai da ƙarfe, sama da ƙasa da siririyar roba.

HDPE na samuwa a allon yankan nama na roba, da shuɗin tano, da jarka. Duba alamar kusurwa uku: lamba 2 ita ce, lamba 5 wata roba ce da ta fi saurin tsagewa. Wadda ta daɗe a rana har ta koɗe ta riga ta mutu, lanƙwasa guntunta ka gani kafin ka saya. Gam ba ya kama HDPE. Yi amfani da sukurun katako na milimita 4, tsawon 25 zuwa 30, bayan ka huda ramin milimita 3 a tsakiyar kaurin. Kada kan sukuru ya fito a fuskar shebur, haƙori na neman abin kamawa ne. Nutsar da shi. Mafi yawan sulke ba ta tsakiya yake fashewa ba, ta wurin ɗauri yake tafiya gaba ɗayansa, don haka ƙara sukuru a kusurwoyi. Bar ratar santimita 1 tsakanin bango da kayan ciki.

Masu buga jiki da firintar 3D mai fitar da abu su guji robar PLA a wurin inji. Tana laushi a wajen digiri 60, kuma a watan Afrilu da Mayu, da inuwa ma ke wuce 40, inji mai zafi ba ya daɗewa ya kai ta can. Robar TPU mai lanƙwasa ta fi.

Mataki na 5: batir da waya

Batirin LiPo mai sel 3 yana da bolt 11.1, cike 12.6. Minti 3 kashi ɗaya ne cikin 20 na awa, don haka jan amfiya 10 a matsakaici yana cin mAh 500 (mAh shi ne ma'aunin wutar da batir ke ɗauka). Sayi 650 zuwa 850 don ka bar saura. Ƙarami ya rage nauyi amma makami ya yi sanyi a minti na ƙarshe, babba kuma nauyi ne da ba ya faɗa. Kada sel ya sauka ƙasa da bolt 3.3, in za a ajiye a bar shi a 3.8. Batiran 18650 na tsohuwar kwamfuta suna da kusan gram 45 kowane, kuma ba sa iya ba da wutar da makami ke ja a tashi ɗaya. Sun isa mai shebur kawai.

LiPo da aka huda ko ya kumbura yana kama wuta. Naɗe shi da soso ta kowane gefe, a tsakiyar jiki, nesa da tsinin sukuru. Kada a ɗaure shi da siririyar igiya da za ta yanke shi lokacin duka. Caji da cajar da ke daidaita sel, a kan siminti, a inuwa, da bokitin yashi a kusa, mutum na zaune. Ba a barin sa a rana ko ƙarƙashin kujerar moto, ba a caji yana da zafi.

Waya ta zama mai laushi, mai rigar silikon, da ɗan saki don jiki na motsi in an doke shi. Like da dalma har ta yi sheƙi. In hannunka bai saba ba, kai wa mai gyaran salula ko rediyo. Filogi irin XT30, a ɗaure da salatif. ESC na makami ya zama na amfiya 30 zuwa 40. Kada a ɗaure allunan lantarki da sukuru a jikin bango, a kwantar da su cikin soso. In makami na tashi sai na'urar ta ɗauke na ɗan lokaci, wuta ce ta faɗi har makarɓin siginar rimot ya mutu ya farfaɗo; batir ya yi rauni, ko makarɓin na bukatar nasa madaidaicin wuta. Eriya kada ta kasance a rufe cikin ƙarfe. Rimot na 2.4 GHz irin FlySky ya fi tuƙi da salula, don jinkirin rabin daƙiƙa a fage ya wuce mita guda.

Mataki na 6: gwaji, da fage

Sa makunnin da ake kashewa daga waje ba tare da hannu ya kusanci makami ba, da ƴar fitila mai nuna akwai wuta, da sandar kulle makami da ba a cirewa sai cikin fage. Rimot ake fara kunnawa, shi ake kashewa a ƙarshe. Cire makami, ɗora na'urar a kan katako taya na lilo, taka wuta, sannan ka kashe rimot. Dole komai ya tsaya. In bai tsaya ba, gyara saitin kafin ka ci gaba.

Sannan ka sake shi daga tsayin ƙugu zuwa siminti, ta kowace fuska, ka tuƙa shi cikin bango da cikakken gudu, ka yi minti 3 cur kana turin bulo. Taɓa injuna. In yatsa bai iya zama a kai ba, giyar ba ta rage gudun inji yadda ya kamata ba, ko tayar ta yi girma.

Mai juyi ba a kunna shi a tsakar gida, ko sau ɗaya. Guntun ƙarfe mai gudun kilomita 240 ba ya zaɓen ido. Fagensa falankin katako biyu ne masu mita 1.22 a 2.44 a ƙasa, da bango da rufi na robar polikabonat mai aƙalla milimita 6, ninki biyu ya fi. Robar gilashi da masu allon talla ke amfani da ita ta yi kama da ita amma fashewa take. Lanƙwasa guntu, polikabonat na lanƙwashewa, waccan ta karye. Gam ɗin noti kuma na tsaga polikabonat, kada ya taɓa ta. In ƙungiyarku, a Yamai ko a Tawa, ba ta kai ga wannan fage ba, ku yi gasar shebur da masu ɗagawa, wanda aka tura waje ya faɗi.

Bayan kowace karawa, kashe wuta, sa kulle, buɗe murfi. Matsa batir ka ji ko ya kumbura. Ja kowace waya a hankali. Juya taya da hannu: in tana rawa sanda ta lanƙwashe, in tana ƙas-ƙas haƙorin giya ya tafi. Hure garin ƙarfen da ya manne wa mayen ƙarfen inji, ka bi noti ɗaya bayan ɗaya. Wanda ka tarar ya kwance sau biyu a wuri ɗaya, ba ɗauri ne matsalarsa ba, wurin ne ke motsi. Ƙara masa madogara, ka ciro gram ɗin daga sulken baya in bai sha duka ba.